Yadda ake gano matsalar wayarin da maltimita

Idan soket ya daina kawo wuta, ko bireka ta riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili, abin da yawancinmu ke fara yi shi ne canje-canje. A cire soket a sa sabo. Bai yi ba, a canja makunni. Bai yi ba, a ce ai birekar ce ta gaji. Wani lokaci akan dace, amma sau da yawa kayan da aka cire lafiyarsu ƙalau, ainihin ciwon kuma yana nan cikin bango yana ƙara cin waya. Maltimita, wato na'urar awon wutar lantarki, ce ke raba mutum da wannan lalube. Sai dai tana da wani hali da ya kamata a sani tun farko: tambayar da ka yi mata kaɗai take amsawa. In ka tambaye ta ko akwai wuta a soket za ta ce akwai, ko da wutar ba za ta iya kunna ƙwan fitila ɗaya ba. Saboda haka rabin aikin nan sanin tambayar da za a yi ne da kuma lokacin yin ta, domin akwai awon da ake yi wuta na kunne, akwai wanda ba a yi sai an kashe.

Kafin mu shiga, ga maganar da ba ta da sassauci. Wutar da ta kai miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin 1000 na amfiya ɗaya, in ta ratsa ƙirjin mutum tana iya hargitsa bugun zuciya. Dutsen guga ɗaya yana jan ninkin wannan sau ɗaruruwa. Wanda bai taɓa riƙe na'urar nan ba, ya fara koyo a kan batir da fiyus da ƙwan fitila a kan tebur, kuma karon farko da zai auna soket mai wuta ya kasance akwai wanda ya iya a tsaye kusa da shi.

## Fara da sanin na'urar

Maltimita na zuwa da tsinkayen awo biyu, ja da baƙi. Baƙin kullum a ramin da aka rubuta COM yake zama. Jan kuma, a duk aikin da za mu yi, yana ramin da ke da alamar V da Ω. Akwai rami na uku, wani lokaci har da na huɗu, mai alamar 10A ko mA, na awon amfiya. Wannan ramin shi ne ya fi kashe na'urori da ƙona hannuwa. Daga cikinsa zuwa COM hanya ce kusan a buɗe, babu turjiyar kirki. In ka manta jan tsinke a can ka cusa a soket, ka haɗa layif (wayar da ke kawo wuta) da nutural (wadda ke mayar da ita) da hannunka ke nan. Na'ura mai kyau fiyus ɗinta ne zai ƙone, marar kyau kuwa tana iya tarwatsewa. Ka mayar da shi ɗabi'a: duk sanda za ka auna, ido ya fara sauka kan ramin da jan tsinke yake, sannan kan majuyi.

A majuyin, wurare uku ne za ka buƙata. Na farko V mai alamar igiya a lanƙwashe (~), na wutar gida. Kada ka rikita shi da V mai miƙaƙƙen layi da ɗigo-ɗigo a ƙasa, wanda na batir da sola ne. In ka auna soket a kan wannan, na'urar za ta nuna kusan sifiri alhali wuta na nan cike. Na biyu Ω, na awon turjiya, ana karanta shi da om. Na uku wurin ƙara, mai alama kamar sauti na fita, wanda ke kuka idan hanya ta haɗu daga wannan tsinke zuwa wancan. In na'urarka ba mai zaɓar ma'auni da kanta ba ce, sa ta a lambar da ta fi abin da kake tsammani, misali 600 ko 750 don wutar gida.

Duba jikinta kuma ka ga rubutun CAT, wanda ke nuna irin wurin da aka yarda a yi awo da ita. CAT II ya isa ga kayan da ake jonawa a soket, amma wanda zai buɗe akwatin birekoki yana buƙatar CAT III mai ɗaukar bolt 600, kuma wayoyin tsinkayen su ma su kasance masu wannan daraja. Robar waya ta tsage ko ta bushe, a canja, ba a naɗe ta da salatif a ci gaba. Batir ɗin na'urar ma abin dubawa ne, don idan ya yi rauni lambobin da take bayarwa ba abin dogaro ba ne.

Gwajin ƙarshe: sa majuyi a Ω, haɗa kan tsinkayen biyu. Za ka ga ƙaramar lamba, kamar 0.2 ko 0.3. Wannan turjiyar wayoyin na'urar ce da kansu. Riƙe ta a ka, don za ka riƙa cire ta daga duk ƙaramin awon da ka yi. Raba tsinkayen, fuskar ta nuna OL, ko lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu. Ma'anarsa babu hanya ko kaɗan.

## Wayoyi uku

Layif ce ke kawo wuta, nutural ce ke mayar da ita, wayar at kuma tana zaune ba ta ɗauke da komai sai ranar da wuta ta taɓa jikin ƙarfen wani abu, sai ta ba ta hanyar gudu don bireka ta faɗi. A tsarin da ƙasashe da yawa ke bi yanzu, layif ruwan ƙasa ce, nutural shuɗiya, at kuma kore da rawaya. A tsohon tsarin Birtaniya, wanda har yanzu ya cika gidaje da dama, layif ja ce, nutural baƙa. A Amurka kuwa baƙa ita ce layif, fara ce nutural. Ka ga ke nan baƙar waya a wani gida nutural ce, a wani kuma mai kisa. Ko a gida ɗaya, wayar da ke dawowa daga makunni zuwa fitila sau da yawa launin nutural gare ta alhali wuta take ɗauka. Launi ya nuna maka abin da aka yi niyya ne kawai, awo ne ke faɗin abin da ke nan.

Lambobin da zan yi amfani da su na inda wuta take bolt 230 ne, wadda aka yarda ta yi sama ko ƙasa da kashi 10 cikin 100, wato daga 207 zuwa 253. Inda ake amfani da 120, sai a sauya lambar, tsarin dai ɗaya ne.

## Mataki na ɗaya: saurari matsalar

Kada ka yi saurin ɗauko sukudireba. Soket ɗaya ne ya mutu, ko ɗaki guda, ko gidan duka? In gidan duka ne, maƙwabta na da wuta? Yaushe abin ya fara: bayan ruwan sama, bayan an buga ƙusa a bango, bayan an kawo sabon firij? Bireka nan take take faɗuwa da an ɗaga ta, ko sai bayan an jima? Bi soket-soket da ido da hanci. Robar da ta yi baƙi-baƙi a bakin rami, ƙaurin ƙuna, ƙarar tsartsatsi a cikin makunni, murfin da ya yi ɗumi, duk waɗannan sun riga na'ura magana. Amsoshin nan su ne za su rage maka yankin bincike daga gida guda zuwa layi ɗaya.

## Mataki na biyu: awo uku a bakin soket

Wannan ana yin sa wuta na kunne, ba tare da an kwance komai ba. Hannu a bushe, ƙasa a bushe, takalmi mai roba a ƙafa, a cire zobe da agogon ƙarfe. Yatsu su tsaya bayan tudun da ke jikin tsinke. Fara gwada na'urar a soket ɗin da ka san yana aiki, don ka tabbata tana gani. Sannan ka zo kan marar lafiyar ka yi awo uku: layif da nutural, layif da at, nutural da at. A soket mai ramuka uku masu kusurwa, in kana fuskantarsa, at ce a sama, layif a dama, nutural a hagu, kuma ramukan ƙasa na da ƙyauren da ba ya buɗewa sai an tura na sama. Kada ka danna shi da ƙarfe. Akwai filogin gwaji da aka yi don wannan.

Soket mai lafiya zai ba ka kusan 230 tsakanin layif da nutural, kusan 230 tsakanin layif da at, sannan sifiri ko bolt ɗaya zuwa biyu tsakanin nutural da at. Duk abin da ya saɓa wa haka yana nuna wani abu:

- Babu komai a duka ukun: layif ba ta isowa. Ko bireka, ko fiyus, ko waya ta katse a hanya.
- Layif da at sun ba da 230, amma layif da nutural babu: nutural ta katse.
- Layif da nutural sun ba da 230, layif da at babu ko wata lamba marar kan gado, nutural da at ma haka: babu at. Soket zai yi aiki kamar ba komai, shi ya sa ake shekaru ba a gano ba, sai ranar da jikin firij ya ja wani.
- Layif da nutural 230, ramin layif da at sifiri, ramin nutural da at 230: an juya wayoyin. Kaya za su yi aiki, amma makunni da fiyus ɗin filogi sun koma kan nutural, cikin na'ura na nan da wuta ko an kashe ta.

Na biyun nan yana da tarko. Idan nutural ta katse alhali akwai wani abu a jone a kunne a gaba, wuta za ta bi ta cikin abin ta dawo ta tsaya a guntun nutural ɗin da ya yanke. Sai ka auna nutural da at ka ga 230. Fitila ba ta kama ba, mutum ya ɗauka babu wuta, ya kai hannu kan shuɗiyar waya. Mutane da yawa ta nan wuta ta ja su.

## Inda na'ura ke ruɗin mutum

A nan ya kamata a daɗe, don nan ne masu koyo suka fi ɓata lokaci.

Maltimita ta zamani kusan ba ta jan wuta in tana awon bolt. Turjiyar cikinta ta kai om miliyan 10. Wannan abu ne mai kyau, amma yana jawo ruɗi iri biyu. Na farko, wayar da ba a jone take da komai ba, in ta yi tafiya mai tsawo cikin bututu ɗaya da waya mai wuta, takan ɗauki wata 'yar wuta ta maƙwabtaka. Sai ka ga 40, ko 70, ko ma fiye da 100 a wayar da ta katse. Testa mai ƙaramar fitila ma takan yi ja a kanta. Wutar nan ba ta da ƙarfin yin komai, da an ɗora mata kaya take ɓacewa. Wasu na'urori na da wurin da aka rubuta LoZ don wannan. In taka ba ta da shi, jona ƙwan fitila mai zare a layin ka sake aunawa. Lambar ta faɗi sifiri, ta bogi ce. Ta tsaya, wuta ce ta gaske. Kafin ka tabbatar, ɗauke ta a matsayin ta gaske.

Ruɗi na biyu ya fi haɗari. Haɗin da ya saki, ko ya yi tsatsa, ko silin waya ɗaya tak ya rage a cikinsa, zai nuna maka 230 cif idan babu abin da ke jan wuta. Kamar igiyar rijiya ce da ta rage zare ɗaya: tana ɗaga guga in babu ruwa, a cika shi kuwa sai ta saki. Don haka duk soket ɗin da ake ƙorafin fanka na tafiyar hawainiya a kansa, ko fitila na lumshewa in an kunna wani abu, dole a auna shi da kaya a kai.

Ga yadda ake yi. Auna soket babu komai, a ce ka samu 228. Jona abu mai cin wuta sosai, kamar dutsen guga ko hita mai wat 2000, a rami na biyu na soket ɗin ko a soket na gaba a layi ɗaya. Sake aunawa yana kunne. Saukar bolt huɗu ko biyar ba komai ba ce, kowace waya na cin nata. Ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, ta ba da shawarar kada abin da ke ɓacewa a layin soket ya wuce kashi 5 cikin 100, wato bolt 11.5, a layin fitilu kuma kashi 3. Amma a ce ya sauko 208. Bolt 20 sun ɓata a hanya, hitar kuma na jan kusan amfiya 8. Ninka su: wat 160. In a wuri ɗaya suke ɓacewa, zafin wat 160 ke nan a kan sukuru guda a bayan murfin roba, cikin bango ko sama da silin. Bireka ba za ta faɗi ba, domin a wurinta amfiya 8 ba laifi ba ne. Irin wannan haɗin ne ke tayar da gobara da dare, kuma shi ya sa nake ganin awo da kaya a kai ya fi kowane awo a jagorar nan muhimmanci.

Sauran aikin shi ne gano inda bolt ɗin ke zubewa. Hita na kunne, auna wani soket da ke kan wata bireka daban. In shi ma ya sauka haka, matsalar daga sama take: babban makunni, cenjoba, wayar da ta shigo gida, ko wutar ce ta zo da rauni. In shi bai motsa ba, ciwon na kan layin nan. Sai ka auna nutural da at a soket marar lafiyar, hita na ci. Lambar ta haura zuwa 15 ko 18, nutural ce ta saki. Ta tsaya ƙasa amma layif da at ya faɗi, layif ce. Daga nan ka bi soket-soket kana komawa wajen akwatin birekoki. Inda lamba ta dawo daidai, to tsakanin nan da soket ɗin da ka baro matsalar take, kuma galibi a bayan ɗayansu.

## Mataki na uku: kashe wuta, ka tabbata ta mutu

Ba a kwance sukuru ɗaya, ba a kuma sa majuyi a Ω ko wurin ƙara, sai wuta ta mutu. Sauke birekar layin, in da hali ma babban makunni. Ka tuna da sauran ƙofofin da wuta ke shigowa: janareto, inbata, sola. Inbata na iya ci gaba da ba layi wuta shiru, babu ƙara babu alama. Maƙala takarda a kan akwatin, ko ka kulle shi, don kada wani ya zo ya ɗaga da kyakkyawar niyya kana can hannu cikin waya.

Sannan tabbatarwa mai hawa uku: gwada na'urar a wurin da ka san akwai wuta, auna wurin aikin ta duk fuska uku ka ga sifiri, koma ka sake gwada na'urar a wuri mai wuta. Hawa na ukun nan ne ake tsallakewa, alhali shi ke kare ka daga na'urar da wayarta ta tsinke a tsakiyar aiki. Ka sani kuma, ko an sauke babban makunni, bakinsa na wajen shigowa na nan da wuta. Kafasita, wato ɗan abin da ke tara wuta, ta fanka da ta na'urar sanyaya ɗaki su ma sukan riƙe wuta bayan an kashe. Mitar kamfanin wuta da duk abin da ke da hatimi ba hurumin mai gida ba ne.

## Mataki na huɗu: neman wayar da ta katse

Fara da masu sauƙi. Fiyus mai kyau zai sa na'ura ta yi ƙara, ta nuna kusan sifiri, wanda ya ƙone zai nuna OL. Makunni, bayan ka cire waya ɗaya daga jikinsa, ya yi ƙara in an kunna, ya nuna OL in an kashe. In yana ba da lambar da ke rawa sanda kake girgiza shi, cikinsa ya ƙone.

Wayar cikin bango kuwa tsinkayenka ba za su kai bakinta biyu ba, don haka dabara ake yi. A akwatin birekoki, wuta a kashe, cire layif da nutural na layin daga mazauninsu, ka haɗa su da juna da 'yar guntuwar waya. Zare duk filogi, kashe duk makunnin fitila. Yanzu je kowane soket ka auna om tsakanin layif da nutural. Awon zai bi ta wannan waya ya je akwati ya dawo ta waccan.

Kada ka tsaya kan ƙara kawai. Yawancin na'urori na yin kuka ko da turjiya ta kai om 30 ko fiye, alhali haɗin da muka gani yana cinye bolt 20 a amfiya 8 om biyu da rabi ne kawai, kuma ya isa ya ƙona gida. Lamba za ka karanta. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5 tana da kusan om 0.74 a duk tsawon mita 100, mai kaurin 1.5 kuma kusan 1.2. Soket mai nisan mita 20 daga akwati, zuwa da dawowa mita 40 ke nan, ya kamata ya ba ka wajen 0.3 bayan ka cire na tsinkaye. Lambar za ta riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan kana nisa. Inda ta yi tsalle daga 0.3 zuwa 2, akwai haɗin da ya lalace. Inda ta koma OL, ka wuce wurin da waya ta katse. Maimaita da layif da at a haɗe don ka gwada wayar at.

Da ka gama, cire guntuwar wayar nan kafin komai. Sanya wani abu da zai tuna maka, don in ka mayar da wuta tana nan, kai ka ƙirƙiri sabon shot, wato haɗuwar wayoyi kai tsaye, da kanka.

## Mataki na biyar: bireka mai faɗuwa

Abu uku ke kayar da bireka, kuma yadda take faɗuwa na nuna wanne ne.

In sai bayan mintuna take faɗuwa, kuma lokacin da aka kunna abubuwa da yawa, lodi ne ya yi yawa. Lissafi ya isa: bireka mai amfiya 16 a bolt 230 na ɗaukar wat 3680. Dutsen guga mai 2000, butar lantarki mai 2000, da hita mai 1500 sun kai 5500, kusan amfiya 24. Maganin shi ne a raba kayan ko a ja sabon layi. Masu cire ta 16 su sa ta 32 suna cire mai gadin waya ne, domin girman bireka da kaurin waya ake haɗa shi. In kana son ganin amfiyar da ido, yi amfani da na'urar awo mai baki kamar filaya, ka kama waya ɗaya tak. In ka kama layif da nutural tare, sifiri za ka gani.

In nan take take faɗuwa da ƙara, shot ne, wato layif ta taɓa nutural ko at kai tsaye. Kada ka yi ta ɗaga ta kana gwada sa'a, kowane ɗagawa na ƙara ƙona wurin. Zare duk filogi ka ɗaga sau ɗaya. Ta tsaya, laifin na cikin wani kaya. Ta sake faɗuwa, yana cikin wayarin. Kashe wuta, cire layif da nutural na layin daga akwati, a wannan karon kowace a ware. Cire nutural ɗin wajibi ne, domin a gidaje da yawa nutural da at a haɗe suke a can tushe, in ka bar ta za ka ga hanya inda babu laifi. In kuma ka tarar da waya biyu a bakin bireka ɗaya, mai yiwuwa layin zobe ne da ya zagaya ya dawo, sai ka cire duka biyun. Auna tsakanin kowace biyu cikin ukun, a ma'aunin om mafi girma. Duka su nuna OL. Soket mai ƙaramar fitila ko mai ramin cajin waya na iya ba da wata babbar lamba, wannan ba shot ba ne. Shot lambarsa ƙarama ce, kusa da sifiri.

Da ka gan shi, kada ka fara daga soket na farko kana bi ɗaya bayan ɗaya. Je tsakiyar layin, buɗe soket, raba wayoyin da suka shigo da waɗanda suka fita, auna kowane ɓangare. Wanda ya nuna OL ka sallame shi. Wanda ya nuna shot, sake raba shi biyu. Layi mai soket 16, buɗewa huɗu ta isa ta kai ka kan gaɓar da ke da laifi. Abin da aka fi tararwa: sukurun murfi ya huda robar waya, ƙusa ta shiga bututu, ɓera ya ci waya a silin, ko ruwa ya taru a akwatin fitilar waje.

Na uku shi ne yoyon wuta, wanda bireka mai maɓallin gwaji a jikinta ke kamawa, wadda aka rubuta wa RCD ko RCCB da 30mA. Ita tana kwatanta abin da ya fita ta layif da abin da ya dawo ta nutural. In bambancin ya kai miliamfiya 30 dole ta faɗi, kuma tana iya faɗuwa tun daga 15. Abubuwa masu ƙarfen zafi a ciki su ne kan gaba wajen jawo wannan: hitar ruwa, dutsen guga, injin wanki, murhun lantarki. Zare filogin abin, kunna makunninsa, auna tsakanin ƙafar layif da ta nutural. Mai wat 2000 zai ba da kusan om 26, mai 1000 kusan 53. Sannan auna daga kowace ƙafa zuwa ƙafar at, wanda dole ya zama OL. Duk wata lamba a nan na nufin wuta na tsiyaya zuwa jikin ƙarfe. Akwai kuma wani nau'i mai wahalar da mutane: nutural ta taɓa at a wani lungu. Layin da ke da laifin na iya zama a kashe, amma da an kunna abu mai nauyi a wani ɗaki daban sai RCD ta faɗi, domin sauke ƙaramar bireka layif kaɗai yake yankewa. Sai an riƙa cire nutural ɗin layuka ɗaya-ɗaya ana auna su da at ake kama shi.

## Alamar da ba a tsayawa bincike a kanta

A gidan da ke da fes uku, wato layif uku ne suka shigo gidan, idan fitilun wani ɗaki suka yi haske fiye da kima, na wani kuma suka dushe, ka auna ka ga 300 a nan, 150 a can, babbar nutural ce ta katse. Tsakanin fes da fes bolt 400 ne, kuma yanzu kayan gidan ne ke raba shi a tsakaninsu yadda ya zo. Sauke babban makunni nan take, a kira ƙwararre ko kamfanin wuta. Minti kaɗan ya isa ya ƙona talabijin da firij da duk caja da ke jone.

## Iyakar maltimita, da rufe aiki

Maltimita da 'yan bolt kaɗan na batir take gwada turjiya. Robar wayar da ta tsufa ko ta sha laima tana iya riƙe wannan ta nuna OL, amma ta kasa riƙe 230. Don haka in RCD na faɗuwa lokacin damshi, ko bireka na faɗuwa jefi-jefi, kai kuma duk awonka ya fito lafiya, aikin ya koma na mega, na'urar da ke tura bolt 500 cikin waya, wadda a ƙa'ida ba a karɓar ƙasa da om miliyan 1 a awonta. Haka nan ingancin sandar at da ke binne a ƙasa, da saurin faɗuwar RCD, kowanne da na'urarsa. Waɗannan a bar wa mai lasisi.

In ka gano haɗin da ya ƙone, ƙara ɗaure sukuru bai wadatar ba. Jan ƙarfen da ya yi baƙi ya riga ya lalace, robar da ta ƙandare kuma za ta farfashe. Yanke har inda waya ke sheƙi, feƙe daidai tsawon da zai shige rami ba tare da tsirara ta leƙo ba, canja soket ɗin in bakinsa ya sauya launi. Ɗaure sosai, sannan ka ja kowace waya da hannu ka ji ba ta motsi. Haɗin da aka murɗa aka naɗe da salatif a maye gurbinsa da mahaɗi mai sukuru ko mai matsewa, a cikin akwati mai murfi.

Kafin a mayar da wuta, sake awon om: hanya na nan inda ya kamata, OL tsakanin wayoyi uku yayin da layif da nutural ke cire daga akwati. Rufe murafe, ɗaga bireka, maimaita awo ukun nan a bakin soket, sannan ka jona hitar da ka yi gwaji da ita ka bar ta ta yi minti goma zuwa sha biyar. Duba ko bolt ya tsaya kusa da inda yake babu kaya, taɓa murfin soket da bayan hannu ka ji ko ya yi ɗumi, danna maɓallin gwajin RCD ka ga ta faɗi. Rubuta lambobin da ka samu da sunan layin a takarda, ka manna ta a cikin murfin akwatin birekoki.